An ɗauke min kaya a zaure bayan ɗan dilibari ya ajiye, wane hukunci ke kan wanda ya ɗauka?

Maman Biyu, Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah lauyoyin cikinmu da malamai ku taimaka min da haske, wallahi yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Ƙanwata za a yi wa biki bayan salla, ni ce babbar mace a ɗakinmu, to sai na ɗauki nauyin ankon 'yan gida da ɗan abin da za ta sa ranar walima. Na yi oda wajen wata baiwar Allah da ke saro kaya a Kantin Kwari, atamfa turmi biyar, leshi biyu, mayafi uku, duka har kuɗin mota ya tashi naira dubu 240, kuma kuɗin nan ba ajiye nake da su ba, adashi na kwasa. Ta sa kayan a mota ranar Talata da sassafe ta turo min lambar direba, da suka iso tasha na tura yaron da ya saba yi min dilibari a mashin ya karɓo. To ƙaddara ta riga fata, ranar ne jikin surukata ya tashi muka wuce asibiti tun ƙarfe goma, yara na makaranta, maigida na kasuwa. Yaron nan ya kira ni ya fi sau biyar ina kan layin karɓar magani, da na ɗauka ya ce Hajiya ga ni ƙofar gida na yi ta sallama ba kowa, na ce masa shiga zaure ka sa bayan ƙyaure, akwai tabarma a jingine ka ja ka rufa a kai. Ya yi yadda na ce, har hoto ya turo min ta WhatsApp, ga bakkon nan an naɗe shi da salatif an rubuta sunana da lambata ɓaro-ɓaro.

Na dawo bayan la'asar, tabarma na nan, kaya babu.

Maƙwabcinmu mai shagon POS yana da kyamara da ke kallon lungunmu, shi ya taimaka ya duba min. Wajen ƙarfe ɗaya da minti ashirin, lokacin da maza suka tafi masallaci, sai ga wani matashi ya shiga zauren hannu rabbana ya fito da bakko a kafaɗa. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san shi. Ɗan unguwarmu ne, a gabana aka haife shi, bai wuce shekara 20 ba, mahaifinsa ya rasu, uwarsa awara take soyawa a bakin titi, kuma mutuniyar kirki ce wallahi, ko ranar sunan 'yan biyuna ita ta kwana tana min aiki.

Yanzu kaina ya kulle. Maigida ya ce caji ofis za mu kai tafi. Mahaifiyata ta ce a'a a fara da mai unguwa. Wani kawun yaron da maganar ta je kunnensa wai cewa ya yi ai wannan ba sata ba ce tunda ba cikin gida ya shiga ba, zaure a buɗe yake, tsintuwa ce. Wata kuma ta ce min in dai na kai shi kotun Musulunci hannu za a yanke masa tunda Katsina ana shari'a, wannan maganar ita ta hana ni barci don ni ba na son a ce ta dalilina ɗan matar nan ya rasa hannu, amma kuma kayana nake so kuma ba na son gobe ya yi wa wani.

Shin a doka mene ne hukuncinsa? Da gaske ne wai ba sata ba ce? Kuma shi yaron dilibarin akwai abin da ya hau kansa?

Barista Bakatsine:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya ba surukarki lafiya.

Maganar kawun nan ba ta da tushe ko kaɗan, ki cire ta a ranki. A kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, sashe na 286 ya bayyana sata da cewa mutum ya ɗauke dukiyar da ake iya ɗauka daga hannun mai ita ba da yardarsa ba, da niyyar cuta. "Hannun mai ita" ba wai sai kina riƙe da abin ba, duk abin da ke ƙarƙashin ikonki a hannunki yake, ko kina Katsina ko kina Makka. Kaya a zaurenki, bayan ƙyaurenki, da sunanki a jiki, an rufa masa tabarma, ta ina ya zama tsintuwa? Shi kansa yaron da ya jira sai da aka tafi masallaci ai ya san da mai shi.

Hukuncin sata zalla a sashe na 287 ɗauri ne da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko a haɗa masa duka. Amma sashe na 288 ya yi magana kan sata a cikin ginin da mutane ke zama ko ake ajiyar kaya, wannan har shekara 7 ne, kuma zaure ai ɓangaren gida ne, don haka mai gabatar da ƙara zai iya kama wannan sashen. Wanda ya sayi kayan kuwa alhali ya san na sata ne, nasa ma ya fi nauyi, sashe na 317 ya kai har shekara 14. Jihar Katsina ta sabunta nata kundin a 2021, don haka kada ki yi mamaki in kin ga wasu lambobin daban a takardar tuhuma, na kawo miki na asalin ne don ki ga yadda aka jera laifukan.

Sai dai ki lura, waɗannan shekarun ƙarshen iyaka ne, ba wai dole alƙali ya ba da su ba. Majistare yana duba shekarun yaro, ko karon farko ne, ko ya amsa laifinsa bai wahalar da kotu ba, ko an dawo da kayan. Sau da yawa irin wannan yana ƙarewa da 'yan watanni ko zaɓin tara, tare da umarnin ya biya ki diyyar abin da ya salwanta.

Shi ɗan dilibari ni ban ga laifinsa ba. Ke kika ce ya ajiye a zaure, ya ajiye, ya turo hoto, ya sauke amanarsa. Da a ce shi ya yi gaba da kayan ya ce ya ajiye, wannan cin amana ne, laifi ne mai zaman kansa kuma babba. Don Allah kada a bari 'yan sanda su tsare shi don kawai shi ne ya taɓa kayan a ƙarshe, ana yawan yi wa yaran nan haka.

Abin da za ki yi yau ba gobe ba: ki sa mai POS ya kwafe bidiyon nan a filashi, don irin waɗannan na'urorin suna goge tsohon ɗauka da kansu in wuri ya cika. Ki ajiye rasit ɗin taransifa, hirarki da mai kayan, da hoton da yaron ya turo. In aka je kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar a haɗa bidiyon da takardar shaidar yadda na'urar ta ɗauka, to mai shagon za a nema, ki sanar da shi tun yanzu. Kuma kada ki sa bidiyon a sitatus ko Facebook.

Abu Sumayya, Daura:

Barista ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka masa. Ni ɓangaren fiƙihu zan ɗan taɓa saboda tsoron da Malama ta ambata na yanke hannu, don na ga mutane suna ɗaukar abin kamar da an ce ɓarawo sai wuƙa, alhali ba haka addini ya zo da shi ba.

Haddin sata tabbatacce ne, aya ta 38 a Suratul Ma'ida. Amma yana da sharuɗɗa masu tsauri. A mazhabarmu ta Malikiyya dole abin da aka sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinari na zinare ko abin da ƙimarsa ta kai dirhami uku, shi ya sa in kin duba jadawalin nisabi da ake fitarwa za ki ga mafi ƙarancin sadaki da haddin sata adadinsu ɗaya ne. Kayanki sun haura wannan. Sai sharaɗi na biyu wanda shi ne matattarar maganarki: dole a ɗauke shi daga hirzi, wato ma'ajiya, wurin da a al'ada in mutum ya ajiye irin wannan kayan ba za a ce ya yi sakaci ba. A cikin Risala ma da muka karanta a zaure gaban malamanmu an faɗa ƙarara cewa wanda ya yi sata a ɗakin da aka yi masa izinin shiga ba a yanke shi. To zauren Bahaushe da ke buɗe da rana, almajiri ya shiga ya yi bara, baƙo ya shiga ya yi sallama, yara su shiga su sha inuwa, shin ma'ajiyar atamfa da leshi ne? Wannan alƙali ne zai duba, amma shubuhar a fili take, kuma ƙa'ida ita ce ana tunkuɗe haddi da shubuha. Bayan haka ga maganar hujja, sai shaidu biyu adalai ko shi ya yi iƙirari da bakinsa.

Shi ya sa tun da aka dawo da shari'a a jihohinmu a 2000, waɗanda aka zartar wa wannan hukuncin ba su da yawa. Wanda kowa ke tunawa shi ne Buba Jangebe a Zamfara, a watan Maris na 2000, kan satar saniya.

To amma faɗuwar haddi ba ya nufin ya ci bulus. Zunubin sata na kansa, alƙali zai yi masa ta'aziri gwargwadon abin da ya ga zai tsawatar, kuma dole ya dawo da kayan in suna nan, in ya salwantar ya biya ƙimarsu, bashi ne a wuyansa ko da ba shi da ko sisi a yau. Shi kuma mai cewa tsintuwa, a tambaye shi, ko tsintuwar ce ta gaskiya ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a yi cigiya shekara guda. Wace cigiya za a yi wa bakkon da sunan mai shi da lambar wayarta ke jiki?

Abu na ƙarshe Malama, ki tuna ƙissar Safwan ɗan Umayya, da aka sace mayafinsa yana barci a masallaci ya kai ɓarawon gaban Annabi, da aka yanke hukunci ya ce ya yafe, sai aka ce masa me ya hana ka yafe kafin ka kawo shi. Wato ƙofar sulhu a buɗe take matuƙar magana ba ta kai gaban hukuma ba. Don haka in zuciyarki tana karkata ga sulhu, yanzu ne lokacinsa, shawarar mahaifiyarki tana kan hanya.

Ɗan Sabuwar Unguwa:

Ni kau wallahi ban yarda da wanga sulhu ba. Mi ya sa kullum mai gaskiya ake ba haƙuri? Haka aka ɗauke min injin ban ruwa a zaure bara, aka taru gidan mai unguwa aka ce maraya ne a rufa asiri, na haƙura, wata biyu ba a yi ba ya fasa shagon wani mai caji ya kwashe wayoyi goma sha. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Hajiya ki kai shi hukuma, uwar tashi ma taimakonta kika yi.

Mai Mashin KT:

Hajiya sannu da haƙuri. Ni sana'ata ke nan dilibari, shekara uku ina yi cikin garin nan, daga tasha zuwa gidaje, daga masu sayar da kaya a onlayin zuwa kwastomominsu, kuma na gode wa Barista da ya wanke ɗan uwana don wallahi in kaya ya ɓace mu ake fara kamawa.

Mutane ba su san halin da muke shiga ba. Adireshin da za a ba ka shi ne "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan get kusa da taransifoma", ka zo ka tarar jajayen get huɗu a jere. Ka kira ba a ɗauka, ka yi sallama shiru, ga wasu kaya shida a bayanka kowa na jiran nasa, ga mai da tun da aka cire tallafi a 2023 ba ka isa ka je ka dawo sau biyu kan naira dubu ɗaya ba. To sai a ce maka ajiye a zaure, ko ba yaron da ke ƙofar gida. Na taɓa ba wani yaro turaren wuta na wata mata bisa umarninta, ashe ba ɗan gidan ba ne, ƙarshe ni na biya rabi don kada ta ɓata min suna a guruf.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka. Ba na ajiye kaya a zaure ko za a yi fushi da ni. In ba kowa, sai dai a haɗa ni da mai shagon da ke kusa ko matar maƙwabta a waya, in ji muryarta, in miƙa mata hannu da hannu in ɗauki hoto. In hakan bai samu ba in koma da kayan a biya ni kuɗin zuwa na biyu. Kuma masu sayar da kaya don Allah ku daina rubuta abin da ke ciki a bayan leda, wata har farashi take rubutawa. Yaran nan suna zaune a bakin lungu suna kallon duk mashin da ya tsaya da kaya, sun san wanda ya shiga da bakko ya fito babu.

Yaya Babba, Amurka:

Ƙanwata Allah ya mayar miki. Na karanta labarinki sai na ji kamar a nan Houston aka yi, don wannan matsalar a nan ta zama ruwan dare har suna aka ba masu yin ta, ana ce musu 'yan fashin baranda. Gidajen nan galibi ba katanga, motar Amazon ko UPS ko FedEx za ta zo ta dire kwali a bakin ƙofa ta ɗauki hoto ta wuce, kai kana wurin aiki, wasu har bin motar suke a baya suna kwashewa, musamman ƙarshen shekara lokacin sayayyar Kirsimeti.

A dokar tarayya satar wasiƙa ko kayan da gidan waya na gwamnati ya kawo ɗauri ne har shekara 5. Amma wannan ta gidan waya ce, shi ya sa jihohi suka fara yin nasu dokokin. Nan Texas a 2019 aka yi dokar da ta duba yawan gidajen da mutum ya yi wa sata: in bai kai gida 10 ba, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tara har dala 4,000, daga 10 zuwa 29 ya zama babban laifi, in ya kai 30 kuma zai iya shan shekara 2 zuwa 10. Kin ga ashe shekara 5 zuwa 7 da Barista ya faɗa na gida ba ƙaramin hukunci ba ne, na gidan ma ya fi na nan tsauri a kan wanda ya yi sau ɗaya.

Ni an taɓa ɗauke min kwalin maganin hawan jini da zan aiko wa Baba, kyamarar ƙofata ta ɗauki fuskar mutumin tar, na kai rahoto, har yau shiru, don ba wanda ya san shi. Ke kin san naki, kin san uwarsa, kin san mai unguwarsa. Yanzu ni akwatin ajiya na kamfani nake sa a kai min, in je da lambar sirri in buɗe.

Maman Biyu, Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Barista da Malam kun cire min ƙaya wallahi. Jiya bayan isha'i maigida da mai POS suka je wajen mai unguwa da bidiyon, aka kira yaron da kawun nasa. Da farko ya rantse, da aka kunna masa sai ya sunkuyar da kai. Ashe tun ranar ya kai wa wata dillaliya, ta ba shi dubu 60 a kan kayan gaba ɗaya, ko salatif ɗin da sunana ke jiki wai a gabanta ya yage. An je gidanta da daren, an samu atamfa turmi uku da leshi ɗaya da mayafan, sauran ta ce ta sayar. Kuɗin kuma ya ce saura dubu 11 a hannunsa.

Da asuba uwarsa ta shigo min, ba ta ce komai ba ta durƙusa a tsakar gida tana kuka, ta kwance bakin zaninta ta ajiye min dubu 8, cinikin awararta na jiya. Na kasa karɓa, ni ma kukan na yi.

Mai unguwa ya ce a rubuta yarjejeniya, kawun ya tsaya masa, a biya ni sauran cikin wata biyu. Maigida ya yarda da na yaron amma ya ce ita dillaliyar sai ya kai ta, don ba wannan ne na farko ba a unguwar. Barista don Allah in muka kai ƙararta, dole sai an haɗa da yaron?

Barista Bakatsine:

Eh Hajiya, kusan ba makawa. Kafin a kama ta da laifin karɓar kayan sata sai an tabbatar kayan na sata ne, kuma shi ne ya kai mata, don haka 'yan sanda za su neme shi, kuma da zarar fayil ya buɗe ba ke ce ke da iko da shi ba. Ku zauna da maigida ku yanke shawara a kan wannan tun kafin ku taka caji ofis. In kun tsaya a sulhu, yarjejeniyar ta ƙunshi ita ma dillaliyar, a rubuta abin da ta karɓa da abin da za ta biya da ranar biya, ita da yaron da kawun duk su sa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Filashin nan kuma ki adana shi, kada ki ba kowa.